Zuwa ga ƙanena a Garwa, kan jaririyar da aka haifa ba hanci

Ƙanena, saƙonka ya same ni a Liyon, nan Faransa, ina fitowa daga aikin dare. Ka ce a asibitin da kake koyon aiki an haifi yarinya ba hanci, wurin a shafe, ta rasu kwana na biyu, kuma tun ranar kake son zuwa Faransa koyon tiyatar fuska. Allah ya ba iyayenta haƙuri, ya sa mai ceto ce.

Abin da ka gani, likitoci da yawa har su bar aiki ba su taɓa cin karo da shi ba. Sunansa arhinia. Wani lokaci yakan zo da ƙanƙancewar ido da rashin balaga idan yaro ya girma. Likita Bosma ya bayyana wannan haɗin a 1981, a 2017 kuma aka gano hannun ƙwayar halitta SMCHD1 a ciki. Hanci tun watanni biyun farko na ciki yake samuwa. Don Allah ka samu dangin ka gaya musu ba maita ba ce, ba kuma wani abu uwar ta ci ko ta gani ba. Na san irin maganganun da za ta sha a gida, abin yana damuna.

Ba rashin kyan fuska ke kashe irin wannan jaririn ba, numfashi ne. Sabon haihuwa da hanci yake shan iska yana tsotson nono. In babu, sai a buɗe masa hanya ta baki ko a huda maƙogwaro a sa bututu, a ciyar da shi ta wani bututun. Gina hanci sai bayan shekaru. Wannan aikin sa'o'in farko a nan Garwa za ka koye shi, wurin masu sa barcin tiyata da masu jinyar jarirai. Ka liƙe musu.

Zuwa Faransa kuwa, kada ka yi gaggawa. Ka gama digirinka, ka shiga fannin tiyata, sannan ka nemi DFMS, shirin da likitocin waje ke zuwa ƙaro ƙwarewa da shi. Asibitin Necker a Paris ya yi fice kan nakasar fuskar yara. Amma in ka koma gida, tsagaggen leɓe da cutar noma mai cin fuska za su cika maka layi, shi ya sa nake so ka fara leƙa asibitin cutar noma na Sakkwato kafin ka yi maganar biza.

Turo mini takardun sakamakonka in duba. Ka gaida Inna.