Igiyar kafaɗar kakana da yaƙin tsibirin Elba

Tambaya: Ni mutumin Tawa ne. Kakana tsohon sojan Faransa ne, kuma yakan ce sun yi yaƙi a wani tsibiri kafin su shiga Faransa a 1944. Bayan rasuwarsa mun tarar da wata kitsattsiyar igiya, koriya mai ratsin ja, a cikin akwatinsa. Lambar yabonsa ce, ko ado ne kawai?

Amsa: Wannan igiya ita ce Faransawa ke kira furajer, ana rataya ta a kafaɗar hagu, kuma yabo ce da aka yi wa runduna gaba ɗayanta. A tsarin da Faransa ta fara kafawa a 1916, idan runduna ta nuna jarumta akan ambace ta a cikin sanarwar babban hafsa, a maƙala lambar yaƙi a tutarta. In aka ambace ta sau 2, sojojinta su rataya igiya koriya mai ratsin ja. Sau 4 kan kawo mai ruwan ɗorawa da kore, sau 6 kuma ja. Wanda ya bar rundunar yakan ajiye igiyar, sai fa sojan da aka yi dukan faɗace-faɗacen da idonsa, wanda ake ba izinin riƙe ta har ƙarshen ransa.

Game da tsibirin, hankalina ya fi karkata ga Elba, wanda ke tsakanin tsibirin Korsika da gaɓar Italiya, inda aka taɓa tsare sarkin Faransa Napoleyon a 1814. Da asubahin 17 ga Yuni 1944 jiragen ruwan Ingila suka kwaso dakarun Janar de Lattre de Tassigny daga Korsika, mafi yawansu baƙar fata na runduna ta 13 da ta 4 ta sojojin da ake kira ƴan Sanagal, suna ne da ya haɗa har da ƴan Nijar da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka. Jamusawa sun binne nakiyoyi a rairayin Marina di Campo, gaɓar da aka nufa, sun ja waya mai ƙaya, sun kuma girke bindigogi a duwatsun da ke kallon gaɓar. Waɗanda suka fara dira sun tsinci kansu tsakanin teku da wuta, babu wurin fakewa, har sai da aka karkatar da jiragen baya zuwa wata gaɓa ta kusa. Duk da haka sun kutsa, garin Portoferraio ya faɗi washegari, tsibirin kuma ya koma hannunsu cikin kwana 3, bayan an rasa sama da mutum 200.

Abin da ke min ciwo a wannan tarihi shi ne abin da ya biyo baya. Waɗannan rundunoni sun shiga kudancin Faransa a watan Agusta, da su aka ƙwace birnin Tulon, amma da sanyi ya kama sai aka janye baƙar fata, aka miƙa makamansu ga samarin Faransa, aka sauya wa rundunonin suna: ta 13 ta koma ta 23, ta 4 ta koma ta 21. Rundunonin suka ci gaba zuwa Jamus da sababbin fuskoki, mutanen da suka tsallake nakiyoyin Elba kuwa suka dawo gida, daga baya ma dokar 1959 ta daskarar da fanshonsu, ba a daidaita shi da na Faransawa ba sai a 2011. Shi ya sa igiyar da ke akwatinku take da nauyi a wurina.

Kafin ku yanke cewa Elba ne, ku nemi littafinsa na soja, domin a ciki aka rubuta lambarsa, rundunarsa da wuraren da ya yi yaƙi. Idan ya ɓace, ma'ajiyar takardun sojoji da ke birnin Pau a Faransa tana riƙe da kundin sojojin Afirka, kuma iyali na iya neman kwafe a rubuce, da cikakken sunansa, shekarar da aka ɗauke shi da garin da aka ɗauke shi. Igiyar kuwa ku naɗe ta a farin ƙyalle, kada a wanke ta.