Saƙon "a kashe waya a daren nan" da yayyafin ƙwayoyin sararin samaniya

Tambaya: Malam, ni ɗalibin kimiyyar fiziks ne, na karanta cewa ƙwaya guda daga sararin samaniya tana haifar da miliyoyin ƙwayoyi a cikin iska. Yanzu ga saƙo a WhatsApp wai a kashe waya daga ƙarfe 12:30 zuwa 3:30 na dare saboda haskoki masu haɗari za su wuce kusa da duniya. Mahaifiyata ba ta da lafiya, da waya take kwana. Hankalina a tashe yake.

Amsa: Allah ya ba ta lafiya, kuma kada ka kashe wayar. Abin da ka karanta gaskiya ne, sai dai ba ka kai ƙarshen bayanin ba. Idan furoton mai ƙarfi (ƙwaya mai caji da ta fito daga sararin samaniya) ya daki tsakiyar zarra a can saman iska, yana fitar da wasu ƙwayoyi da ake kira fayon, marasa caji daga cikinsu kuma nan take suke rikiɗa zuwa foton biyu na gamma, wato ƙwayoyin haske masu tsananin ƙarfi. Kowane foton yana haifar da ilektiron da fositiron (takwaran ilektiron mai kishiyar caji), su ma idan suka gifta kusa da wata zarrar sai su saki sabon foton, a haka adadin yake ninkuwa kusan duk bayan giram 37 na iska a kan santimita murabba'i. Amma kowane ninki raba ƙarfin farko yake yi, kuma da zarar rabon kowace ƙwaya ya faɗo ƙasa da kimanin MeV 85 (MeV ma'aunin ƙarfin ƙwaya ne), haihuwa ta tsaya, iska ta shanye saura. Iskar da ke kanmu ta kai nauyin ruwa mai zurfin mita 10, don haka abin da yake isowa ƙasa galibi miyon ne, wato ƙwayoyin da fayon masu caji suke rikiɗa zuwa gare su, kamar guda ɗaya a santimita murabba'i kowane minti.

Shi kuwa saƙon nan, na gaji da amsa tambaya a kansa. Shekara da shekaru yana yawo, ana jingina shi ga BBC ko NASA, kullum kuma "daren nan" ne. Waɗannan ƙwayoyi ba baƙi ba ne da za su zo su wuce cikin awa uku. Daga kowace kusurwa suke faɗowa, dare da rana, tun kafin masanin fiziks Victor Hess ya hau balan-balan ya auna su a 1912. Waya ba ta jawo su, ba ta kuma iya tayar da yayyafin, domin haifar da ilektiron da fositiron yana buƙatar foton mai MeV 1.022, foton ɗin waya kuwa bai kai kashi ɗaya cikin biliyan na hakan ba. A kunne ko a kashe, adadin miyon da zai ratsa ɗakin ɗaya ne. Abin da yake ƙona mini rai shi ne masu ilimi ma suna turawa ba tare da sun tsaya sun yi lissafi ba, wasu kuma suna fakewa da tsoron mutane su sayar musu da sitika wai tana tare haskoki, alhali abin da yake ratsa duwatsu ba ledar bayan waya ce za ta tsayar da shi ba. Haɗarin da na sani a wannan dare shi ne mara lafiya ta buƙaci taimako da tsakar dare ta tarar wayar kowa a kashe. Ka cika wa mahaifiyarka caji, ka bar taka a kunne kusa da kai.