Turbon Motata 'Yar Kanada Ta Yi Tsatsa: In Canza Ta Ne Ko Akwai Gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum, Injiniya. Wata huɗu ke nan da na sayi mota 'yar Kwatano, ƙirar 2014, mai ƙaramin inji da turbo. Takardunta sun nuna a lardin Ontariyo na ƙasar Kanada aka yi amfani da ita. Bodinta tas, ko ƙwarzane babu. Amma tun da damina ta kankama sai ta fara nauyi, in na taka totur a hawa sai ta riƙa jan ƙafa, ga wutar cek ta kama. Bakanikena ya shiga rami ya leƙa, ya ce turbo ta yi jajawur da tsatsa, gishirin Turawa ya cinye ta, sai dai a sayi wata. Kuɗin da ya faɗa mini ba na wasa ba ne. Shin da gaske gishiri yana cin inji da turbo har haka? In ma yana ci, ai motar ta baro ƙasar ƙanƙara, me ya sa sai yanzu? Daga wani mai karatu a Kaduna.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Mai da kuɗinka aljihu tukuna. Bakaniken naka bai yi ƙarya ba a kan gishiri, amma jan da ya hango daga cikin rami ba ya isa hujjar yanke wa turbo hukunci, wato na'urar nan mai fanka da hayaƙin inji ke juyawa don ta tura ƙarin iska cikin inji. Kusan kowace turbo mai shekaru da za ka leƙa, ko da a jihar Arizona ta Amurka mai busasshiyar iska ta girma, za ka tarar da ɓangaren hayaƙinta ja ne ko ruwan ƙasa. Ƙarfen zubi ne mai kauri, kuma zafin da ke ratsa shi a injin fetur yana kai digiri 900 ko fiye. Babu fentin da ke zama a wannan wuri. Irin wannan tsatsar ta fuska ce kawai, kamar baƙin gindin tukunya. Abin da gishiri ke kashewa shi ne ƙananan abubuwa sirara da ke kewaye da turbon, kuma a can nake so a duba.

Da farko dai, gishirin nan ba ɗan barbaɗe ba ne. A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe titi, motocin hukuma ne ke bin hanya dare da rana suna watsa shi, domin ruwan da ke da gishiri ba ya daskarewa a digiri sifili kamar ruwan daɗi. Amurka kaɗai tana zuba wajen tan miliyan 20 a shekara, Kanada kuwa wajen miliyan 5. Ontariyo ɗin da motarka ta fito, a can ne ma ake da mahaƙar gishiri ta Goderich, wadda ta shiga ƙarƙashin tafkin Huron, kuma ita ce mafi girman mahaƙar gishiri ta ƙarƙashin ƙasa a duniya. Jihohin Amurka irin su Mishigan, Ohayo, Niyok, Fensilbaniya da Ilinoi duk haka suke watsa gishiri a titi, har ana ce wa yankin ɗamarar gishiri. Mota ta yi wata huɗu ko biyar kowace shekara tana kutsawa cikin taɓon ƙanƙara mai gishiri, taya na fesa shi sama, iskar gudu na cusa shi kowane lungu. Ka lissafa shekarun motarka.

To, me ya sa sai yanzu? Amsar tana cikin kicin ɗin gidanka. Ka lura da gishirin girki a watan Agusta, yadda yake jiƙewa ya dunƙule a cikin kwano ba tare da kowa ya zuba masa ruwa ba? Danshin iska yake zuƙa. Gishirin girki yana fara haka ne idan danshin iska ya kai kashi 75 cikin ɗari. Amma idan sanyi ya tsananta a can, ya wuce digiri 9 ko 10 ƙasa da sifili, irin gishirin girkin da ake watsawa a titi ba ya ƙara yin aikin kirki, sai su koma kan kalsiyam kuloraid da magnisiyam kuloraid. Waɗannan biyun sun fi mugunta, domin ko danshin iska bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba sai su jawo ruwa su zauna a jiƙe. Gishirin da ya maƙale a tsakanin noti da faranti, ko a ƙarƙashin maƙalar bututu, bai san an hau jirgin ruwa ba. Yana nan. Motar ta kuma sha iskar teku a tashar Kwatano. Lokacin hunturunmu, da iska ke bushewa har leɓe ya tsage, sai ya kwanta kamar ya mutu. Da damina ta zo, ga danshi ga ɗumi, sai ya farka, kuma tsatsa ta fi sauri a ɗumi fiye da sanyi. Shi ya sa a can Kanada ma motar da ake ajiyewa a gareji mai ɗumi bayan an dawo daga titi mai gishiri takan riga ta waje ruɓewa.

Cikin inji kuwa, gishirin titi ba ya shiga. Iska ta kan matata take bi, baƙin mai a rufe yake, ruwan lagireto ma haka. Daga waje yake ci. Ɓangarorin alminiyam sukan yi farin gari kamar an barbaɗa alli, yawancinsa muni ne kawai, sai dai inda notin ƙarfe ya ratsa alminiyam. A nan ruwan gishiri yana haɗa ƙarafan biyu kamar ƙaramin batir, alminiyam ɗin ne ke narkewa, notin ya kafe. Kwanon baƙin mai da ke ƙasan inji, idan na ƙarfe ne siriri, yana iya hujewa. Wayar as, wadda ke haɗa lantarkin inji da bodin mota, takan yi kore ta ruguje, mota ta riƙa nuna alamun da ba su da kai ba su da gindi.

Mu koma kan nauyin motarka. A jikin turbo akwai wata 'yar ƙofa da ake kira wesget. Aikinta shi ne, idan iskar da turbo ke turawa ta isa, sai ta buɗe hayaƙi ya kewaye fankar ya wuce salansa. Wani siririn sanda ne ke ja da tura ta, da ɗan hannu mai juyawa a jikin ƙarfen nan mai zafi, da wani ɗan ƙulli da bai kai ƙumbar yatsa ba. Wurin yana jiƙewa da ruwan gishiri, zafi ya busar da ruwan nan take ya bar gishirin, gobe a sake. Idan hannun ya kafe ƙofar tana buɗe, ko ƙullin ya ruɓe sandan ya zare, hayaƙi zai riƙa zurarewa, turbo ba za ta samu ƙarfin juyawa ba. Mota sai ta yi nauyi daidai yadda ka kwatanta. A kwamfuta lambar da aka fi gani ita ce P0299. Idan a rufe ta kafe, sai iska ta yi yawa, lambar P0234 ta fito, kwamfutar mota ta rage ƙarfin inji don kare shi.

Na taɓa karɓar wata mota da mai ita ya riga ya yi cinikin turbo 'yar Beljiyam, saura a ɗaura. Na ce a bar inji ya huce, na sa yaro ya riƙe mini tocila, na cire ƙullin sandan, na kama ɗan hannun da yatsa biyu. Ko motsi. Muka fesa man sassauta tsatsa, muka tafi sallar Azahar, muka dawo muka ɗan ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma, muna kai shi muna dawo da shi da fulaya. Sai ga jan ruwa yana ɗiga, sai ga shi ya fara lilo da kansa. Da na cire bututun iska na taɓa fankar, lafiyarta ƙalau. Mai motar ya tsaya yana kallon turbon da ya sayo a cikin but, ya ce, "Yanzu wannan fa?" Na ce masa ya gwada ko mai shagon yana da imani.

Ba kullum ake samun sauƙi haka ba, kuma ba wesget kaɗai ke jawo wannan lambar ba. Intakula, wato ɗan lagireton da ke sanyaya iskar turbo, a yawancin motoci a ƙasa yake can gaba bayan bamba, shi ne ke fara shan feshin gishiri. Alminiyam ne siriri, yakan huje a gefen haɗi, iska ta riƙa tsiyaya. Ana gane wannan da gwajin hayaƙi ko ruwan sabulu, kuma sau da yawa za ka ga danshin mai a inda ya huje. Sai kuma notocin da suka ɗaure turbo da bakin inji: suna sirancewa har ɗaya ya karye, hayaƙi ya riƙa fita kafin ya kai ga fanka. Alamarsa baƙin tabo a wurin, da ƙarar tsit-tsit da safe wadda ke raguwa in inji ya yi zafi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a irin motarka ma ba wanda ka yi tambaya a kai ba ne. Akwai siririn bututun ƙarfe, bai fi kaurin fensir ba, da ke kai baƙin mai cikin turbo, da wasu biyu masu kai ruwa a yawancin motocin fetur. Sandar turbo tana juyawa sau 150,000 ko fiye a minti ɗaya, kuma a kan ɗan siririn mai take shawagi. Ranar da bututun man nan ya fashe, turbo mai lafiya za ta ƙone kafin ka samu wurin tsayawa, man kuma a kan ƙarfe mai zafi zai zuba, wanda hanyar gobara ce. Ka sa a bi shi da yatsa daga farko har ƙarshe, musamman inda ya lanƙwasa da inda maƙala ta riƙe shi. Idan ya kumbura, ko yana ɓarewa kamar ɓawon albasa, a canza shi ko da bai fara ɗiga ba. Kada a yi masa walda.

Yaushe ne turbon da kanta ta mutu? Idan fankar tana taɓa bangon gidanta, ko tana motsi ciki da waje in an ja ta da yatsa (ɗan motsi gefe da gefe ba laifi), ko tana kuka kamar jiniya, ko salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, ko gidan ƙarfen ya tsage har waje, ko bakin da ake ɗaure shi ya cinye har gaskit ba ya zama. Haka nan idan ramin da hannun wesget ke juyawa a ciki ya yi faɗi har ƙofar ba ta rufuwa, a motoci da yawa sai an canza gidan duka. In ba a ga ɗaya daga cikin waɗannan ba, ban ga dalilin saye ba. In kuma naka mai jan sandan na lantarki ne, a tuna sai an sake saita shi da kwamfuta bayan an taɓa shi.

Tunda motar tana kan rami, kada ta sauka sai an duba bututan birki da na fetur, da shasi, da mazaunin shokozoba. Wannan ba tsoratarwa ba ce. A 2015 hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, bayan ta shafe shekaru tana binciken fashewar bututan birki, ta shawarci masu motocin 2007 zuwa baya a jihohin gishiri da su riƙa wanke ƙarƙashin mota suna duba bututan. A 2016 kuma kamfanin Toyota ya amince da sulhun da ya kai dala biliyan 3.4 saboda shasin wasu motocinsa ƙirar Tacoma da Tundra da Sequoia da tsatsa ta ci. Mota mai nauyi a hawa za ta kai ka gida a makare, amma wadda birkinta ya tafi a gangara wani zance ne. A sa sukudireba a caccaki shasin. In ya yi ƙarar ƙarfe, madalla. In ya nutse ko ya zubo da ɓarɓashi, akwai aiki. Ka kuma yi hattara da ƙarƙashin da ya sha sabon baƙin fenti mai kauri yana sheƙi. Mota mai shekaru ba ta da dalilin yin kwalliya a inda ba a gani, sai in akwai abin da ake ɓoyewa, kuma irin wannan fentin a kan tsatsa danshi yake kullewa a ciki.

Wanki kuwa, ruwan daɗi mai yawa ake so, ba ƙarfin feshi ba. Inji ya huce sarai, a cire robar da ke rufe ƙasan inji, a kwarara ruwa a kowane lungu har cikin ramukan shasi, a kauce wa soket-soket na waya da oltaneta. A maimaita sau biyu ko uku cikin makonni, domin wanki ɗaya ba ya fitar da gishirin shekaru. Bayan ta bushe a fesa man hana tsatsa mai kama da kakin zuma a bututai da shasi. Al'adar nan ta masu wankin mota ta fesa gas ko tsohon baƙin mai a ƙasa, ni ban yarda da ita ba: tana lalata roba, tana tara ƙura, kusa da turbo kuma hayaƙi da wuta take nema. A lagireto ma a daina zuba ruwan rijiya ko na leda, a sa ruwan sanyaya inji na gaskiya, don wannan tsatsar ta cikin inji mu ke jawo ta da hannunmu, ba Turawa ba.

Ka koma wurin bakaniken, cikin girmamawa, ka ce a sa kwamfuta a karanta maka lambar a gabanka, sannan a cire sandan wesget a gwada hannun da yatsa. In ma ta kama a sauke turbon, a jiƙa notocin da man sassauta tsatsa tun kwana biyu kafin ranar aiki, a ɗumama su kafin a sa sifana, a kuma tanadi sababbi, domin noti ɗaya da ya karye a cikin top silinda zai iya cin kuɗin da ya fi na aikin gaba ɗaya. Ka aiko mini da lambar da kwamfutar ta nuna, da hoton bututun man nan daga kusa.