Tare, Kare da Martani: Kalmomin da Suka Dace da Ƙa'idojin Lokaci a Wasan Kati

Wani mai karatu da ke buga Magic: The Gathering, wasan katin da Richard Garfield ya ƙirƙira kuma kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a Amurka a 1993, ya aiko da tambaya cewa yana son bayyana wa ƙannensa ƙa'idojin yaƙi da Hausa, amma ya rasa wadda zai ɗauka tsakanin "tare" da "kare" idan mayaƙinsa, wato katin da ke yi masa yaƙi a wasan, ya tsaya a gaban mai kawo hari.

Malam, kalmomin biyu suna da kusanci, sai dai kowace da inda ta sa gaba. Wanda ya tare yana fuskantar abin da ke tahowa ne, kamar yadda ake tare hanya ko a tare ɓarawo, shi kuwa wanda ya kare, hankalinsa yana kan abin da ke bayansa. Saboda haka mayaƙi yana tare maharin, ta haka kuma yake kare maigidansa, wato ɗan wasan da ya fara da maki 20 na rai. Tunda ƙa'idar tana magana ne a kan wane mayaƙi zai tsaya gaban wane, "tare" ita ce daidai. A lura cewa wasalin farko gajere ne a nan, ba kamar na "tare" mai nufin haɗuwa ba, wanda ake ja.

Ya kuma tambayi karin maganar da za ta fito da muhimmancin lokaci. "Ihu bayan hari" ta zauna daram, domin yaƙi a wannan wasa matakai biyar ne: buɗe yaƙi, ayyana mahara, ayyana masu tarewa, saukar ɓarna, sai rufewa. Mayaƙin da aka karkatar da katinsa, wato aka juya shi a kwance, ba ya iya tarewa, don haka mai hari da ke son hana wani tarewa dole ya karkatar da shi kafin a shiga mataki na uku. Idan ya bari aka ayyana, bakin alƙalami ya bushe. Ko da ya kashe mai tarewar nan take, maharinsa yana nan a matsayin wanda aka tare, kuma ba zai taɓa ran abokin karawa ba, sai fa idan yana da baiwar tattakewa, wadda ke ba ɓarnarsa damar wuce mai tarewa ta isa ga ɗan wasan. Wannan yakan ba sababbin 'yan wasa mamaki, suna ganin hanya ta buɗe amma ƙa'ida ta ce a rufe take. Shi ma mai tarewa ba shi da damar janyewa bayan ya furta, domin magana zarar bunu ce.

Wata mai karatu kuma ta ce ta ji ana kiran katin da ake jefawa don amsa na abokin karawa "ramuwa", tana son sanin ko hakan ya yi. Malama, bai yi ba, kuma dalilin yana cikin ma'anar kalmar. Ba a ramawa sai an sha duka, shi ya sa ake cewa ramuwar gayya ta fi gayya zafi: gayyar ta riga ta auku. A wasan kuwa amsar tana aiki ne kafin katin farko ya yi nasa. Tun gyaran ƙa'idoji na 1999, duk katin sihirin da aka jefa yana hawa kan wani tsibi ne ya jira, kowane ɗan wasa ya samu damar ɗora nasa, sa'annan idan duka biyun suka ce sun wuce, a fara warwarewa daga sama. Misali, an jefa katin da zai yi ɓarna 3 ga mayaƙi mai juriya 3, wato wanda ɓarna 3 ke kashewa, sai mai shi ya ɗora katin da ke ƙara masa juriya 3. Nasa ne zai fara aiki, ɓarnar ta iske juriya 6, mayaƙin ya tsira. "Martani" ta fi "ramuwa" sauƙin karɓa domin ana mayar da martani ga magana tun kafin ta zama aiki. "Raddi", wadda muka aro daga Larabci, ta dace da katin da ke soke na abokin karawa ɗungurungum. Ni dai a ganina babu abin da ya kama hoton kamar "katse hanzari", domin mai cewa "ba na katse maka hanzari ba" yana shigowa ne a tsakiyar zance, a saurare shi tukuna, sa'annan mai maganar farko ya ci gaba idan da sauran abin faɗa.

Ta ƙara da cewa ko "wanda ya riga ka barci ya riga ka tashi" za ta bayyana tsibin. A nan sai a yi hattara, domin karin maganar tana nuna cewa na farkon shiga shi ne na farkon fita, tsibin kuwa akasin haka yake, kuma haka sarƙar katuna take a wasan katin Yu-Gi-Oh! na kamfanin Konami, inda ake warware ta daga ƙarshe zuwa farko. Inda karin maganar ta yi daidai shi ne wajen damar jefa kati, tunda wanda zagayen wasa ke hannunsa ne ke fara samun ta a kowane mataki. Saukar ɓarnar yaƙi ma ta daina hawa tsibin tun 2009, don haka wanda ke da katin ceto ya jefa shi a matakin ayyana masu tarewa, kafin a wuce zuwa na huɗu.