Yadda ake wanke wilin alminiyam ba tare da ɓata shi ba

Ka yi tambaya kan baƙin dattin da ya manne wa wilin motarka mai tsada, kana kuma tsoron kada wanki ya kashe masa ƙyalli. Wannan baƙin ƙurar birki ce, wadda ke ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe masu zafi da ke maƙalewa a siririn fentin da aka lulluɓe alminiyam da shi, kuma wannan fentin shi ne abin kiyayewa.

Da farko ka bari wilin ya huce a inuwa, domin sabulun da ya bushe a kan wili mai zafi yana barin tabo. Ka fesa ruwa sosai yashi ya sauka, sannan ka wanke da sabulun mota marar kaifi da burushi mai laushi, a bokiti na dabam da na jikin mota. Idan baƙin ya ƙi fita, akwai maganin narkar da ƙurar ƙarfe. Za ka ga yana rikiɗewa zuwa shunayya yana gangarowa, sai ka ɗauraye kafin ya bushe, ka goge da tsumma mai taushi.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne amfani da soson ƙarfe ko sinadari mai asid, domin wilin kan yi haske a ranar, daga baya ya dusashe.

Idan fentin ya fara ɓarewa, ko farin tabo ya bayyana a ƙarƙashinsa, wanki ba zai gyara ba, sai ƙwararren mai gyaran wili. Wilin da ya tsage kuwa, kada ka hau titi da shi.