Haruffa masu kauri da zagayayyen gefe: a saya ko a ɗauki na kyauta?

Wata 'yar kasuwa mai sayar da kayan wasan yara ta aiko da tambaya. Mai zana mata tambari ya kawo wani salon haruffa mai kauri da zagayayyun gefuna, ya ce sai an biya kuɗin lasisi. Tana son sanin ko ya cancanci kuɗin.

Hajiya, salon ya dace da hajarki. Harafin da ba shi da tsini yana da taushi a ido, kaurinsa kuma yana sa a hango shi daga nesa. Kamfanin Volkswagen ma ya sa an zana masa irinsa a 1979, wanda ake kira VAG Rounded. Da ofishin lauyoyi kike buɗewa, da na ce ki sake shawara.

Amma kada ki ciro ko sisi sai kin gwada shi, domin a fuskar kwamfuta kowane salo kyakkyawa ne. Ki sa a buga sunan kasuwarki a 'yar takardar da ake ratayawa jikin kaya, da baƙar tawada zalla. Ki duba cikin haruffan a da e da o. Kauri yakan cinye waɗannan ramuka, tawada na ɗan bazuwa sai su toshe, sunan ya koma dunƙule. Ki rubuta lambar wayarki, ki ga ko 1 da 7 sun bambanta. In sunan yana da ƙ, ɗ ko ɓ, ki tabbatar salon yana da su, don da yawa ba su da su, sai kwamfuta ta aro harafin daga wani salo, ya fito siriri a tsakiyar masu ƙiba. Kuma irin wannan salo iyakarsa tambari da kanun talla. Bayanin kaya yana son salo mara nauyi.

Sai maganar kuɗi. A Google Fonts, shafin intanet na salon haruffa, akwai Fredoka da Baloo 2 da Nunito, duka a ƙarƙashin lasisin OFL, wanda ya halatta amfani da su a kasuwanci kyauta. Inda nake jin tsoro shi ne shafukan da ke cewa kyauta, alhali a ƙasa an rubuta don amfanin kai kaɗai. Na sayarwa kuma sau da yawa lasisin bugawa daban, na shafin intanet daban, na manhaja daban. Lasisin mai zane ba lallai ya ba ki damar rubuta tallanki da kanki ba.

Ni dai a ganina, in na kyauta ya ci gwajin, ki bar kuɗin a jari. Gaskiya ne abokin gogayyarki ma zai iya ɗaukarsa, sai ki sa mai zanen ya sauya siffar harafi ɗaya ko biyu a tambarin. In kuwa wanda mai zanen ya kawo ne ya kwanta miki a rai, ki saya da sunan kasuwarki, ki adana rasit, sannan ki karɓi fayil ɗin tambarin da aka mayar da haruffansa zane, don kada su canza a wurin mai bugawa.