Wata uku a Helsinki: me zan je yi a laburare?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce daga Zariya. An zaɓe ni cikin shirin musayar al'adu, zan yi wata 3 a Helsinki ta ƙasar Finlan, daga Oktoba zuwa Disamba, a gidan wasu 'yan ƙasar. Masu shirin sun ce mu riƙa zuwa laburaren unguwa. Ni da zan je ganin rayuwar mutane, me zai kai ni cikin littattafai? Kuma yaya zaman yau da kullum yake a can?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Shawarar da suka ba ki ki riƙe ta hannu bibbiyu, don a Finlan laburare shi ne dandali. Mutanen can ba su da doguwar gaisuwa irin tamu. Za ki shiga bas ki tarar kowa tsit, maƙwabci ya ce miki "moi" ya wuce abinsa. Ba wulakanci ba ne, girmama shirun wani suke yi. Ga sanyi ga duhu: a Disamba rana ba ta wuce kusan awa 6 a sama, babu mai zaman hira a ƙofar gida. To ina za ki gan su a sake? A laburare.

Ki fara da Oodi, babban laburaren birnin, wanda aka buɗe ranar 5 ga Disamba 2018, ana gobe bikin 'yancin kan ƙasar. Yana fuskantar ginin majalisar dokoki. A ƙasa akwai silima da wurin cin abinci. Hawa na biyu ne ya fi burge ni: kekunan ɗinki, ɗakunan naɗar murya, da injin da ke ƙera ƙaramin abu da roba daga zanen kwamfuta. Dattijuwa na rage tsawon wandon jikanta, kusa da ita saurayi na haɗa kiɗa. Littattafan, kusan 100,000, suna hawa na uku, inda iyaye ke jera kekunan jarirai su zauna a ƙasa suna karanta wa yara. Ba wanda zai tambaye ki me kika zo yi.

Sai dai Oodi baƙi sun yi masa yawa, kowa da wayarsa yana ɗaukar hoto. Wurin da za ki yi sabo shi ne ƙaramin laburaren da ke kusa da masaukinki. Ki je da fasfo da adireshin gidan da kike, ki nemi katin Helmet. Kyauta ne, kuma yana aiki a laburarorin Helsinki da Espoo da Vantaa da Kauniainen. Da kanki za ki ɗora littafi kan na'ura ki ara, yawanci na kwana 28, in kin makara akwai tara. Ki tambayi ma'aikaciya ranar "kielikahvila", wato zaman shan kofi da ake yi don masu koyon yaren Finlan. Nan ne baki ke buɗewa. Ki zaɓi rana ɗaya a mako, ki riƙa zuwa ba fashi. A zuwa na huɗu za ki ga wadda ta fara ajiye miki kujera. Ki ari littafin yara mai hotuna, ki roƙi uwar masaukinki ta karanta miki da dare. Kar ki ji kunya, ba abin da ke narkar da baƙunta kamar wannan. In kewar karatu da wani harshe ta kama ki, reshen Pasila na da sashen harsuna masu yawa, har da Larabci.

Batun gida kuwa, cire takalmi a bakin ƙofa kin saba da shi. In an ce ƙarfe 6, to 6 ɗin ake nufi. Ki gaya musu tun kafin ki tashi cewa ba kya cin naman alade. A kanti ki duba kalmar "sianliha" ko "porsas" a jikin leda. Akwai shagunan halal a unguwannin Hakaniemi da Itäkeskus. In an gayyace ki sauna, wato ɗakin zafi da suke shiga su yi gumi, galibi a tuɓe, ki faɗi iyakarki kai tsaye, sun fi son haka da kwana-kwana.

Ki lura da salla. A tsakiyar Disamba, azahar da la'asar da magariba duk suna faɗowa cikin kusan awa 3, don haka ki tsara fitarki da sallaya ƙarama a jaka. Sannan ki sayi ɗan abin ƙyallin nan da suke ratayawa a jikin rigar sanyi don direbobi su hango mai tafiya a ƙasa, domin a Disamba ƙarfe 4 na yamma, lokacin da za ki fito daga laburare, duhu ya riga ya rufe gari.